Sakso na ɗan koyo da jikka 300 a Maradi: yadda muka zaɓa da abin da ya biyo baya

Yaron ɗan yayata ne, shekara 17 gare shi, yana lise nan Maradi. Ya ɗan jima yana taɓa piyano wurin wani abokinsa, ya san do re mi, kuma kunnensa na da kyau, irin yaran nan ne da in suka ji waƙa sai ka gan su suna lalubo ta da yatsu ba wanda ya nuna musu. Amma ransa ba a piyano yake ba, sakso yake so, wato saksofon, abin busan nan na tagulla mai madannai. Abin da ya tara daga tsaron butik ɗin babansa lokacin hutu, da abin da uwarsa ta ƙara mishi ranar da ta kwashi adashi, duka suka kama jikka 300, wato sefa 300,000. Da yake na daɗe ina busa sakso a orkes, ni aka kawo ma maganar, Kawu wane za mu saya.

Na ga ya kamata in rubuta yadda abin ya gudana tun daga tushe, don yawancin shawarar da yaranmu ke ji a kan sakso daga bakin mutanen da ke da shagon gyara a bayan gida take fitowa, inda in abu ya lalace ka kai da safe ka amso da marece. Mu nan gyara na sosai sai an ɗora kaya a mota zuwa Yamai, sama da kilomita 600, ko a bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina a kai Kano. Shi ya sa ni a lissafina sakso mai araha shi ne wanda ba ya yoyon iska ranar da aka saye shi, kuma zai iya shekara 2 ko 3 cikin hunturu da zafin garin nan bai nemi mai gyara ba. Kuɗɗin da aka biya ranar farko rabin labari ne kawai.

Kafin ma a zo maganar saye sai da muka zauna da Alhaji, mijin Yaya. Shi damuwarsa ba kuɗɗi ba ce, tsoronsa kar ɗansa ya bar karatu ya koma bin biki ana kiransa maroƙi, kuma ban ga laifinsa ba, duk wanda ya tashi a Maradi ya san yadda ake kallon mai kiɗa da busa. Ban yi mishi gardama ba. Na ce Alhaji yaron nan ko an hana shi a gida zai je ya nema a waje inda ba mu gani, gara a ba shi a gabanmu da sharaɗi. Ya gindaya nasa: ba busa lokacin salla, ba busa bayan isha'i, kuma in makinsa ya sauka a lakwal sakso ya koma ɗakin Alhaji a kulle har sai an ga canji. Yaro ya amsa, aka wuce wurin.

To mi jikka 300 ke iya saye? Sefa a ɗaure take da yuro, yuro 1 sefa 655.957, kenan kuɗɗin yaron bai kai yuro 460 ba. Sabon Yamaha na ƴan koyo, YAS-280, wanda malamai da yawa ke ce ma ɗalibai su saya, a Turai yana kusan yuro 1000 ko sama da haka, ka ga ya haura jikka 650 tun ba a yi maganar kuɗɗin jirgi da duwan ba. Selmer na Faransa kuwa maganar miliyoyi ce. Don haka sabo na babban kamfani ya fita daga lissafi tun ranar farko, abin da ya rage mana shi ne sabo ɗan Caina ko kuma na hannu.

Sai maganar iri, don sakso girma-girma ne, tenor ya fi alto girma. Shi tenor yake so, don bidiyon Manu Dibango da Fela da yake kallo, wannan murya mai kauri ita ta ja shi. Na fahimce shi sosai, amma na ce alto. Alto bai wuce kilo 2 da rabi ba, tenor ya haura kilo 3, kuma duk nauyin a wuya yake rataye, ga shi yana cin iska fiye da alto, ga tsada, shi kansa da kayan bakinsa duka. Yatsu kuwa iri ɗaya ne, wanda ya iya alto ranar da ya ɗauki tenor ba sabon karatu zai fara ba, baki kawai zai sake sabawa. Akwai kuma sofrano, ƙaramin nan miƙaƙƙe mai kama da algaita, wanda sau da yawa shi ya fi araha a hotunan ƴan kasuwa, mutane kuma su ɗauka tunda ƙarami ne ya fi sauƙi. Shi ya fi su wuyar daidaita sauti, leɓe ya ɗan motsa kaɗan sauti ya kauce, in kuma aka haɗa da ƙira mara kyau ko gwani sai ya sha wahala balle ɗan koyo. Na ce kar ma ya kalle shi.

Akwai abu ɗaya da in mutum bai gane shi ba, ba zai gane sauran labarin ba. Sakso bututun tagulla ne mai ramuka sama da 20, kowane rami da marfinsa, a cikin kowane marfi akwai ɗan faifan fata mai taushi, tampon, shi ke toshe ramin in ka danna. In kana son sautin can ƙasa dole duk ramukan da ke sama da shi su rufe ruf, ko ɗaya ya bar ƙofa kamar kaurin gashi iska ta samu hanya, sai sauti ya ƙi fita ko ya yi ƙara ko ya yi tsalle sama. Gwani in ya ɗauki sakso mai yoyo nan take zai ce kayan ne. Ɗan koyo ba ya da wannan sanin, kansa zai zarga, ya riƙa matse yatsu da ƙarfi yana cizon bek, wato kan sakson da ake sawa a baki a busa, ya koyi mugun hali a baki da hannu, bayan wata 3 ya ce ai shi ba ya da baiwa ya jefa abin ƙarƙashin gado. Na ga yara masu kunne fiye da nawa sun bar busa a kan haka, kuma har yau abin na ci mini rai, don ba su suka kasa ba.

Na farko da ya kawo mini a WhatsApp yake. Sabo fil, yana walƙiya ruwan zinari, da akwatinsa da farar safar hannu da kwalin ansh (siririn karan da ake ɗaurawa a bek) kyauta, an zana mishi Selmer Paris Mark VI a jiki, jikka 160, mai shi na Legas zai turo ta Kano in an biya. Yaro har ya fara lissafin canjin da zai rage mishi. Na ce ɗana, Mark VI Selmer ta fara yin shi a 1954, ta daina tun cikin shekarun 1970, yau tsohonsa ma in na gaske ne miliyoyin sefa ake sayensa, to ina sabo ya fito a jikka 160? Wanda ya yi maka ƙarya a kan suna ba ka da dalilin yarda da shi a kan ƙarfe. Kuma kar a ji ni ba daidai ba, ba duk ɗan Caina ne banza ba, akwai masu sa sunansu na gaskiya kuma kayansu na busuwa, wasu manyan shaguna na Turai ma can suke sa a ƙera musu nasu su duba su kafin su sayar. Matsalar ita ce ba tabbas, biyu daga kwali ɗaya wannan ya yi daidai wancan yana yoyo ta wuri 3, ƙarfen madannai kuma sau da yawa taushi gare shi, ka gyara yau gobe ya sake lanƙwashewa. Bature in ya saya daga nesa doka ta ba shi kwana 14 ya maida in bai gamsu ba. Kai da ke Maradi in ka tura kuɗɗi Legas kaya ya iso a bayan mota, abin da ka buɗe ka gani shi ne naka.

Na biyu ni ya fi tsaya ma a rai. Wani ne a Yamai mai sayar da kayan gwanjo na Turai ya samu tsohon sakso farin azurfa cikin kwantena, ƙirar Amurka, da zane mai kyau a jiki irin wanda ake yi da hannu, jikka 90 kacal. Na sa aka ɗauko mini hoton bayan jikinsa ƙasa da inda babban yatsa ke zama, wurin lambar ƙira, na ga harafin C da L. L ɗin alheri ne, yana nufin sautinsa ya dace da na kayan yau. Da H ne da an gama magana, don masu H an ƙera su a kan wani ma'auni da ya fi na yanzu tsayi, ba yadda za ka yi su haɗu da piyano ko gita da aka ɗaure a kan ma'aunin yau, la 440. Amma C ɗin nan shi ne cikas. Irin sakson da aka yi yayinsa ne a Amurka cikin shekarun 1920, tsakanin alto da tenor yake, don mutum ya busa daga takardar piyano a gida, daga baya aka bar yin sa. Bek ɗinsa da ansh ɗinsa ba a samunsu a shago haka kawai, littattafan koyo duk na alto da tenor ne. Ga tampon ɗinsa a hoto sun yi baƙi sun bushe, wasu sun tsage, kenan sai an canza su duka, aikin da a Turai ma ɗaruruwan yuro ne kuma sai ƙwararre. Wallahi da don kaina ne da na saye shi na ajiye ina lallaɓa shi a hankali, kayan tarihi ne. Amma yaron da bai taɓa fidda sauti ɗaya ba, a ba shi kayan da ya yi wajen shekara 100 ya ce zai koya da shi, zalunci ne.

Daga nan na ce ma Yaya ba za mu sayi abin da ban sa a baki ba. Tunda boda ta sake buɗewa a watan Maris na 2024 zuwa Kano ya dawo da sauƙi, hanyar ba ta kai kilomita 300 ba, kuma a Sabon Gari akwai shagunan kayan kiɗa da ke sayar ma coci-coci da ƴan band, sabo da na hannu. Na tafi da yaron don in ya ga yadda ake dubawa ya riƙe har abada. Na ɗauki bek ɗina da ansh ɗin da na saba da shi, da ƴar siririyar tocila, da takarda mai laushi sosai irin ta naɗin taba, da waya mai manhajar auna sauti. Bek naka na da muhimmanci, in ka gwada da na shago ba za ka san ko laifin na bek ne ko na jiki ba.

Uku muka ware. Yamaha YAS-275 na hannu mai tsabta, da aka juya kuɗɗinsa zuwa sefa ya kama wajen jikka 430. Sabon ɗan Caina mai sunansa na gaskiya, jikka 170. Da wani Jupiter na ƴan koyo, kamfanin Taiwan, fentinsa ya goge a wuraren da hannu ke taɓawa, da ɗan lotsawa a gefen buɗaɗɗen bakin ƙasa, jikka 220. Yaro ko kallon Jupiter ɗin bai yi ba, idonsa na kan mai walƙiya. Na ce sayen sakso na hannu kamar sayen tsohon babur ne, ba fenti ake dubawa ba, inji ake saurare.

Ga yadda na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na fara cire wuyan sakson, lanƙwasasshen bututun sama da ake sa ma bek, in leƙa cikin bututun daga sama in ga ko jikin a miƙe yake, don sakson da ya taɓa faɗuwa sosai jikinsa na ɗan karkacewa, kuma wannan ba gyaran da za a yi maka da araha ba ne. Na duba wuyan shi kansa, ko an taɓa danne shi ƙasa har gefensa ya yi faɗi, da yadda yake shiga mazauninsa, ya kamata ya shiga daidai ba ya rawa in an ɗaure noti. Lotsawa a wuya matsala ce babba don nan bututun ya fi ƙanƙanta, lotsawa a bakin ƙasa kuwa in ba ta taɓa rami ba ba ta hana komai. Na kama madannai ina girgiza su gefe da gefe in ji ko sun yi sako-sako a kan sandunansu, na duba ƴan siraran sifirin ko sun yi tsatsa, na duba ƙafafun da aka liƙa a jiki ko akwai wanda aka taɓa yi ma walda ta gangan. Har akwatin na shinshina, warin rima na nufin ya daɗe a wuri mai damshi kuma tampon sun sha.

Sai babban gwajin. Na roƙi mai shagon, na ce Oga a taimaka a kashe wuta a turo ƙofa, na zura tocila cikin bututun ina rufe madannai ɗaya-ɗaya da taɓawa mai sauƙi, ba matsewa ba, irin yadda yatsa zai taɓa in ana busa da sauri. Duk inda haske ya tsargo ta gefen tampon, nan iska ke fita. Yamaha ba haske ko ɗaya. Jupiter ma haka, sai ɗan ƙyalli a ɗaya daga cikin na ƙasa, wanda da na sa takarda na ja na ji tana kamawa ko'ina sai gefe ɗaya da ta ɗan yi sauƙi. Sabon nan mai walƙiya kuwa haske ta wuri 3, biyu a hannun hagu, can sama inda yoyo ke lalata duk abin da ke ƙasa da shi. Yaron da kansa ya gani, ban ce mishi komai ba, na ji ya ce Kawu ai wannan a buɗe yake.

Bayan haka na busa. Ba waƙa ake yi a wurin gwaji ba, sautukan ƙasa ake nema, do da si da si bemol, kuma a hankali ƙasa-ƙasa, don da ƙarfi ko mai yoyo ma yana iya fiddo su. Sai madannin oktab na babban yatsa, mai ɗaga sauti zuwa na sama, wanda ƙananan ramuka 2 yake sarrafawa, ɗaya a jiki yana aiki daga re zuwa sol diyez, ɗaya a wuya yana amsa daga la zuwa sama, sai ka yi ta sol la sol la kana kallo ka ga ɗaya na rufewa ɗaya na buɗewa ba jinkiri. A nan masu araha da yawa ke faɗuwa. Daga ƙarshe na kunna manhaja, a alto in ka danna fa diyez abin da ke fita shi ne la na piyano, na daidaita bek a kan haka sannan na bi sautuka ƙasa da sama in ga nawa kowane ke kaucewa. Kowane sakso na da ƴan sautukan da ke ɗan hawa, wannan leɓe ke gyara shi, amma in ka ga wani ya hau wani ya sauka ba tsari to ramukan ne ba a huda su daidai ba, kuma ba mai gyaran da zai iya matsar da rami.

Gaskiya Yamaha ya fi su duka, a hannu da a kunne, kuma shi ne wanda in ka tashi sayarwa bayan shekara 5 za ka samu kusan kuɗɗinka. Na kira Yaya na faɗa mata, ta ce a yi haƙuri ba ta da abin ƙarawa, ni ma ban so a ci bashi a kan abin da ba mu tabbatar yaro zai riƙe ba. Muka zauna a kan Jupiter, aka yi ciniki ya sauko jikka 200, da sharaɗin mai gyaran da ke aiki da shagon ya daidaita tampon ɗin nan guda a gabanmu. Ya ɗumama marfin da ƴar wuta har ƙaron da ke riƙe da tampon ya yi laushi, ya gyara zamansa, muka sake zura tocila, duhu.

Yaro ya so a ce sauran jikka 100 riba ce. Ba riba ba ce, ita ce rabin aikin. Bek ɗin da ya zo a akwatin ba suna gare shi ba kuma bakinsa ya ɗan ɓalgace, muka sayi Yamaha 4C wajen jikka 25, wanda ni a ganina shi ne kuɗɗi mafi albarka da ɗan koyo zai kashe, don ko a kan sakso mai rauni yana sauƙaƙa fitar sauti. Sai ansh, siririn karan nan da ake ɗaurawa a ƙarƙashin bek wanda kaɗawarsa ce ke haifar da sauti, kwali mai guda 10 lamba 2 (lambar taurinsa take nunawa) wajen jikka 20. Tsadarsa na ba mutane mamaki, amma wani irin kara ne na musamman, mafi shahara a yankin Var na kudancin Faransa ake nomansa, a busar da shi a fere shi da inji, kuma cinyewa yake, wanda ke busa kullum kwali ba ya kai mishi shekara. Lamba 2 ko 1.5 ta ishi mai farawa, masu cewa a fara da 3 don a yi ƙarfin baki cizo kawai suke koya ma yaro. Madaurin wuya mai faɗi da man shafa ma liyej, abin nan mai taushi da aka naɗe a ƙarshen wuyan sakson inda bek ke shiga, da ƙyallen sharar ciki suka ci jikka 10, mota da abinci wajen jikka 20. Jikka 25 da ta rage na damƙa ma Yaya na ce ta ɓoye, ta gyara ce, kar a taɓa.

Satin farko ban bar shi ya haɗa sakson duka ba, bek da wuya kawai, haƙoran sama a kan bek, leɓen ƙasa ya ɗan rufe haƙoran ƙasa, ya riƙe sauti ɗaya dogo ba rawa. Da yake ya tashi yana ganin masu algaita a ƙofar fada, kumatu ya fara kumburawa, sai da na yi ta hana shi, algaita da hanyarta sakso da tashi. Maƙwabta kuwa sun ji a jikinsu, don cusa tsumma a bakin ƙasa ba ya rage ƙara sosai tunda yawancin sautin ta ramukan jiki yake fita, dole ya koma yin atisaye da la'asar a wani kango bayan unguwa.

Hunturu ne ya fara gwada mu. Ansh ya riƙa bushewa bakinsa na yin lanƙwasa-lanƙwasa, yaro ya zo a tsorace wai sakso ya lalace. Maganin kofin ruwa ne, a jiƙa ansh minti 2 ko 3 kafin busa, in an gama a goge shi a maida shi gidansa, kar a bar shi ɗaure a bek, kuma a riƙa juya guda 3 ko 4 maimakon a kashe ɗaya. Akwai na roba irin na Légère da ba ruwansa da bushewar iska kuma yana yin watanni, kuɗɗin guda ɗaya ya kusa na kwali, na ce ya bari sai bakinsa ya zauna ya san lambar da ta dace da shi. Liyej ɗin wuya ma ya so tsagewa don ya manta da mai. Ƙura kuwa dokarta ɗaya, in ba a baki yake ba to a akwati yake a rufe. Da bazara ta shigo zafi ya haura digiri 40 na ƙara mishi wata, kar a bar akwatin cikin mota a rana ko a jingine da bangon ɗakin kwano, don ƙaron nan da wuta ta tausasa a Kano rana ma na iya tausasa shi tampon ya goce.

Sol diyez ɗinsa ya yi ta mannewa, ka danna ya ƙi buɗewa. Wannan kusan kowane sakso na yi don marfin a rufe yake kwana, amma nasa ya yi yawa, da na bincika ashe shayi yake sha a fada da abokai, mai sukari sosai, ya taso ya hau busa. Sukarin na bin numfashi ya zauna a kan fata. Kurkure baki da ruwa kafin busa, da jan takarda mai tsabta tsakanin tampon da rami, suka kashe maganar.

Babbar matsalar guda ɗaya ce, kuma ba laifin kayan ba ne. Ya ajiye shi a kan katifa ya fita, ƙanensa ya jawo shi ya faɗo, garkuwar da ke kare madannan ƙasa ta lotsa ta danne marfin si, sautukan ƙasa duka suka ɗauke. Wani ya ba shi shawara ya kai ma mai walda a bakin kasuwa a buga a miƙe, Allah ya sa ya kira ni tukuna. Na taɓa ganin sakson da aka kai ma mai walda, wuta ta ƙone tampon 5 ta narkar da dalmar ƙafafu biyu, abin da ya rage sai ado a bango. Masu wannan aiki na gaskiya da dama tsoffin ƴan fanfar ne na soja da na ƴan sanda ko waɗanda suka koya a hannunsu, kuma ba abin mamaki ba ne, shi kansa Adolphe Sax ɗan Beljiyam da ya yi rajistar ƙirarsa a Paris a 1846 bandunan soja ne suka fara karɓar kayansa. Muka naɗe shi da tsumma cikin akwati yadda ba zai motsa ba, muka ba wani direba da na yarda da shi ya kai Kano wurin mutumin da ya gyara shi da farko. Gyara da kuɗɗin mota suka ci jikka 15 cikin 25 ɗin nan da ke wurin Yaya. Ƙarfen ya miƙu ya zauna bai karye ba, kuma mai gyaran yana da tampon daidai girman nasa a aljihun tebur, wanda shi ne amfanin sayen ƙirar da aka sani.

Don adalci, wani abokin aikina a orkes ya sayi irin ɗan Cainan can na jikka 170 kuma har yanzu yana fita aiki da shi. Amma shi ya shekara yana busa, yana da ƴan sukundireba da tocilarsa, duk bayan ƴan makonni sai ya zauna ya bi madannan ya daidaita, in wani sauti ya kauce ya san yadda zai maido shi da leɓe. A hannunsa kayan na da amfani. Da a ce ba mu samu na hannu mai kyau ba, da irinsa za mu saya, amma sai na gwada guda nawa ke shagon duka na zaɓi wanda ya fi rufewa, kuma a daidaita shi a gabana kafin in biya.

Yanzu yaron ya koma ansh lamba 2.5, yana fidda si bemol na ƙasa a hankali ba tare da ya yi tsalle ba, kuma sakson bai taɓa kwana a ɗakin Alhaji ba. Maganar tenor ba ta fita ransa ba, na ce ya bari sai bayan bak. Abin da ke gabanmu shi ne tampon ɗin mi bemol na ƙasa, wanda yake can baya inda ruwan numfashi ke taruwa, yana cikin waɗanda ke fara mutuwa a sakso, nasa ya fara yin duhu yana tauri. Yana rufewa har yanzu amma ba na so damina ta same shi haka, jikka 10 da ta rage ba za ta isa har da mota ba, shi ya sa yake ajiye jikka 2 duk wata daga abin da yake samu a butik, in ta cika mu tura shi Kano a canza shi tare da liyej ɗin wuya a tafiya ɗaya.